Takarda a Ƙofar Fili

Shekaru ɗari da ɗoriya da suka wuce, a wani garin masu haƙar kwal a ƙasar Scotland, an yi wani ɗan ƙwallo da gwiwa ta gaza masa, sai masu kulob suka naɗa shi manaja. A zamanin, ran Juma'a ake rubuta sunayen waɗanda za su buga wasan Asabar, a kafa takardar da ƙusa a ƙofar fili. Al'adar ta yi wa manajan daɗi, domin shi mutum ne da ba ya iya duban idon wani ya gaya masa magana mai ɗaci. Wanda ya fara cirewa kuwa mai tsaron raga ne, abokinsa da suka shekara goma suna wasa tare. Bai ce masa uffan ba. Ta tagar ofis ya hango shi ya taso daga ramin haƙar kwal, fuska duk baƙin kwal, takalman wasa rataye a wuya, yana bin sunayen da yatsa har sau uku, jama'a na kallonsa. Manajan ya saki labule.

Shekara goma sha huɗu ya yi a kujerar. Ya ci kofi biyu, ya sallami mutane da yawa, kowanne ta bakin ƙusa. Sai aka shiga wata kakar wasa da kulob ya yi ta shan kashi. Wata Juma'a da safe aka ƙwanƙwasa masa ƙofar gida. Tsohon mai tsaron ragar ne, wanda yanzu shi ke yanke ciyawar fili, shi ke kuma kafa takardu. Ya cire hula ya ce, "Masu kulob sun sallame ka. Tun jiya suka ba ni takardar. Na ce ba zan kafa ba sai ka ji daga bakin mutum."

Manajan ya ce, "Me ya sa ka wahalar da kanka?"

"Na san yadda ake ji in mutum ya karanta a tsaye, jama'a na bayansa."

Babu zargi a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. Manajan ya kafa idonsa a kan takalman baƙon. Korar ba ta hana shi cin abinci ba. Amma har ya bar duniya bai ƙara bin titin filin nan ba, don kada su haɗu a gaisa.

Shi ya sa Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.