Sujadar Manaja

"Ko ka daina gyara mini salla, ko ka ajiye makullin motata," in ji Manaja.

Direbansa ko gezau. "Yallaɓai, kana riga liman ɗagowa daga sujada. Duk ofis maganar ake yi. Mamu bin liman yake, ba tsere suke ba."

"Limamin ne mai nawa! Kuma ni da digiri biyu za ka koya wa?"

"Ba na salla ba ne, yallaɓai."

Direba ya ajiye makullin a kan tebur ya fice. Aikin shekara goma sha ɗaya ya ƙare tun shayin Manaja bai huce ba.

Da azahar ma'aikata suka cika ɗan masallacin ofis. Manaja ya tsaya a sahun gaba kamar kullum. Aka tayar da iƙama. Korarren direba ya wuce gaba ya daidaita sahu, don direba aka kora, ba liman ba.

Ya yi sujada, ya daɗe, ya ƙara daɗewa. Manaja ya yunƙura, ya tuna duk sahu na lura da shi. Ranar goshinsa bai bar tabarma ba sai da tsohon direbansa ya ba shi izini.