Masu Sauraron Kolin a Rurum

Da Khalid tafinta ya tsayar da babur a Rurum, tsohon Baturen da ya goyo, Kolin, ya sauka da sauri. Muryar Kolin ce ke tashi daga lasifika a wata gonar masara.

Da ƙuruciya Kolin ya kafa ƙungiyar kiɗa a Ingila, irin mai ihu da jitar lantarki. Faifai ɗaya suka yi, aka rasa mai saye, suka watse. Haka hayaniya take, ba ta barin gado. Bana ya ji waƙar a wani bidiyon waya, ya taso neman masoyansa na farko.

Ya nuna mai gonar, ya ce wa Khalid, "Tambaye shi, me ya fi so a waƙata?"

Mai gonar, Ɗanmalam, ya ce, "Au, waƙa ce? Mai tura waƙoƙi a kasuwar Kibiya na ce wa ya ba ni ƙarar da ta fi muni, don korar birai."

Khalid ya fassara. Fuskar Kolin ko motsi.

"Suna gudu?"

"Da can dai. Yanzu zama suke, suna cin masarata suna saurare."

Kolin ya juya ya kalli duwatsun da biran ke zama.

"Tambaye shi, su nawa ne?"