Matakala-Na-Ƙarshe

Sabuwar injiniyarmu tana fita cin abinci na ja kujera gaban kwamfutar ofis.

Ba mu da manhajar adana zane. Wuri ɗaya kowa ke zubawa, suna kawai ke bambanta su: "matakala-sabo", "matakala-na-ƙarshe", "matakala-na-ƙarshe-wallahi". Shekara tara ni kaɗai na san kan wannan tarkace. Sai ga sabuwar injiniya, wata uku kacal, oga ba ya da zance sai nata. Har matakalar ƙarfen da na fara zanawa ya miƙa mata.

Na ɗauko tsohon zanen mai siraran ƙarafa, na laƙaba masa sunan da ta sa wa zanenta, nata kuma na goge.

Washegari oga ya buɗe, ya haɗe rai.

"Wannan ko mutum biyu ba za ta ɗauka ba. Aikin wa?"

Ta miƙe da takarda. "Tsoho ne, yallaɓai. Ga wanda Yaya ya gyara, na buga tun jiya."

Ni take kira Yaya. Lissafinta ne tsaf, amma a ƙasa sunana ne kaɗai.

Oga ya dafa kafaɗata, ni kuwa zuciyata na tafasa. Ko a kirkin ma ta fi ni.