Curin Auduga

A karo na uku da foman ya ga curin auduga ya sauka a ƙeyar tsohon masaƙin nan, sai ya damƙo Babarbaren da ke injin kusa da shi.

"Kai, ko furfurarsa ba ka jin kunya? Kullum aka busa jiniya sai ka jefe shi!"

"Ranka ya daɗe, Bafillace ne fa. Bawana ne. In ban jefe shi ba, wa zan jefa?"

Foman bai yi dariya ba. Ya mayar da shi sashen rini.

Washegari jiniyar azahar ta kaɗa, injinan masaƙar Bompai suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya, ban da na tsohon. Foman ya tsaya a bayansa ya ce, "Baba, an tashi." Ya ɗaga murya har sau biyu, tsoho ko gezau, idonsa na kan zare. Ashe rugugin ƙarfe na shekara goma sha biyar ya cinye masa kunne, kuma mutum ɗaya ne kaɗai ya sani.

Ga manaja yana saukowa daga bene, shi kuwa ba ya barin kurma a bakin inji, a ranar yake ba da takardar sallama.

Foman ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya dunƙule auduga, ya auna ƙeya.

Tsoho ya kashe inji, bai ko waiwayo ba. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shirye ka, Babarbare. Yau ka makara."