Masu Kalangu Nawa Suka Rage?

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama bakin Alhaji Jumare, dillalin shanu a Fatakwal, hannunsa na hagu kaɗai ke motsi. Sai ya riƙa matse hammata yana saki, yatsunsa na bugun ƙarfen gado, idonsa ƙur a kan 'yarsa Safiyatu. Akwai magana a bakin nan, likita kuma ya ce kwanakin ba yawa.

Wani mahauci da ya zo dubiya ya kasa kunne. "Hajiya, wannan salon kalangu ne. Ki nemo makaɗi, zai karanta miki."

Kalangu kuma? Mutumin da ko a rediyo ya ji kiɗa sai ya kashe, ya yini yana huci? Amma Safiyatu ba ta da zaɓi.

A unguwar Mile One aka ce mata masu kalangu sun kai ashirin. Ashirin ɗin banza, duk yaran da ke kunna waƙa a waya ne. A Onitsha aka ce ba su fi biyar ba, suna Enugu. A Enugu aka ce uku ne, biyu sun rasu, ɗaya ya koma gida. Kullum ta dawo sai ta tarar bugun ya ƙara rauni, tsoro ya hana ta cin abinci.

Ashe a Rumuokoro, nan kusa da gida, akwai wani tsoho mai tsire, Kallamu, wanda makaɗin kalangu ne.

"Baba, ku nawa kuka rage?"

"Mu biyu, 'yata. Ɗayan ya yi kuɗi ya ajiye."

Da ta faɗi sunan mara lafiyar, bai ko yi cinikin lada ba. Ya bar tsiren a wuta ya ɗauko kalangunsa.

A bakin ƙofa ya cire takalmi ya durƙusa. Bai rataya kalangun ba. Ya cusa shi a hammatar Alhaji ta hagu, shi kuma ya riƙe sandar kiɗan yana bugawa a hankali. Hannun Alhaji ya matse tsarkiyar kalangun, ya saki, sai fata ta fara magana.

Kallamu ya ce, "Sunanki yake kira. Ya ce ki yafe masa, ya ɓoye miki asalinki."

"Wane asali?"

Kallamu ya share ido da hula. "Ga na biyun nan kwance, 'yata. Maigidana ne, shi ya koya mini."