Neman Aure a Kan Ƙafa Ɗaya

Ranar wasan ƙasarmu da Pakistan, filin kurket na Harare ya cika maƙil. Tichaona, da bai taɓa iya zaɓen lokaci ba, ya durƙusa gaban budurwarsa Ruvimbo da zobe a cikin 'yan kallo, daidai sa'ad da makinmu ya kai ɗari da sha ɗaya, lambar tsiya a wasan kurket. Kowa ya ɗage ƙafa ɗaya don korar ta.

"Za ki aure ni?"

Ta dubi zoben, ta dubi allon maki. "Tashi ka ɗage ƙafa, sakarai. In aka fitar da ɗan wasanmu, ka rasa ni."

Ya miƙe yana tangaɗi, gumi na karyo masa. Ɗan wasanmu ya doki ƙwallo ta tashi ta tsallake iyaka, makinmu ya wuce lambar tsiya, fili ya kaure da ihu.

Ruvimbo ta miƙa masa yatsa. "Sa, kafin su sake jefo ƙwallo."