Murfin Tangaran Inna

"Kande, ki rufa min asiri, ki nemo ko mai kama da shi ne!" Rabi'atu ta riƙe hannun dillaliya.

Jibi za a yi wa 'yarta jere. Duk tsofaffin tangaran da ta tara, na mahaifiyarta marigayiya Inna kaɗai amarya take so, ga shi ba murfi. A rabon gado murfin ya faɗa hannun Zakiyya, ƙanwar Rabi'atu, tun daga nan ba sa ga-maciji.

Kande ta kai Rabi'atu wani gida a garin Dutsi, wai akwai irinsa a can. Suka yi sallama, sai ga Zakiyya riƙe da murfin.

"Ni na turo Kande, Yaya. Kin ƙi zuwa don ni, na san za ki zo don murfi."